Kwana biyu a Xi'an: garin ya burge ni, kamfanin yawon kuwa ya sa muka rasa Juma'a

Mun gama abin da ya kai mu Guangzhou ran Laraba, kaya sun shiga kwantena, jirgin komawa gida kuma sai Lahadi. Baffana, ƙanin mahaifina da na raka, shi ya kawo maganar Xi'an. Ya shekara da shekaru yana zuwa ƙasar Sin sari, bai taɓa wuce kasuwa da masana'anta ba, kuma ya daɗe yana jin labarin wani tsohon masallaci da ke can. Burinsa bai wuce ya yi Juma'a a cikinsa ba. Ni kuma sojojin nan na yumɓu, tsofaffin mutum-mutumin da aka tono a kusa da garin, nake son gani. Muka hau jirgin ƙasa mai sauri, muka isa daren Alhamis.

A otal ɗin da muka sauka aka haɗa mu da kamfanin da nake wannan sharhi a kansa. Ba zan kama suna ba, duk wanda ya sauka a otal-otal ɗin da ke cikin ganuwa ya san irinsu, takardunsu na nan zube a kan teburin karɓar baƙi. Kafin in biya ko sisi sai da na rubuta musu a manhajar saƙo ta WeChat, na fassara da waya, na sake fassarawa don kada a samu kuskure: mu Musulmi ne, gobe Juma'a, dole mu kasance a babban masallaci kafin ƙarfe ɗaya. Suka amsa da cewa babu matsala. Saƙon yana nan a wayata har yau.

Ƙarfe bakwai da rabi muna bakin ƙofa. Motar ta zo, amma sai ta shiga zagaye tana kwasar mutane daga wannan otal zuwa wancan, ba mu bar gari ba sai wajen tara. Wannan na haƙura da shi, haya ce ta taro. Wurin sojojin yana Lintong, kamar kilomita 40 daga gari, na lissafa na ga har yanzu da sauran lokaci.

Sai motar ta kauce hanya. Jagorar tamu, wata matashiya mai riƙe da ƙaramar tuta, ta ce za mu fara tsayawa mu ga yadda ake gina sojojin. Ashe shago ne. An ajiye mutum biyu a gaba suna murza yumɓu don a gani, bayansu kuma rumfa ce doguwa cike da kwaikwayon sojojin, manya da ƙanana, kowane da farashinsa a manne. Muka yi kusan awa guda. Daga nan ta sake tsayar da mu a wani gida da ake sayar da koren dutsen nan da suke darajantawa, wanda ake yin awarwaro da sarƙa da shi. Aka shigar da mu ɗaki aka rufe ƙofa, wani mutum ya yi ta bayani yana haska awarwaro da tocila. Na nuna wa jagorar agogo sau uku. Kowane karo sai ta ɗaga yatsu biyar, wai minti biyar. Mu 'yan kasuwa ne, mun san kamasho idan mun gan shi, kuma ba na ƙyashin kowa ya nemi na abinci. Amma ba da lokacin sallar mutane ba, bayan an yi alkawari a rubuce.

Sha ɗaya da rabi ta gota kafin mu shiga wurin da muka biya kuɗi dominsa. Gaskiya, da na tsaya a bakin rami na ɗaya cikin ramukan da sojojin suke sai da na manta da fushina na ɗan lokaci. An rufe shi da wani makeken rufi kamar na ma'ajiyar jiragen sama, tsawonsa mita 230, ga sojoji nan sahu-sahu a ƙasa, kowane ya kai tsayin mutum, da dawakansu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fuskokin. Wannan mai gashin baki, wancan kumatunsa cike, wani kamar yana shirin magana. Akwai wani maharbi da ya durƙusa da gwiwa ɗaya, an ware shi a cikin gilashi, har zanen da ke tafin takalminsa ana gani. Sarkin da ya fara haɗe ƙasar Sin wuri guda, Qin Shi Huang, shi ya sa aka gina masa su don su tsare kabarinsa, ya mutu shekara 210 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Suna binne sama da shekara dubu biyu, sai a 1974 wasu manoma masu haƙa rijiya suka ci karo da ɓaraguzansu. An ƙiyasta sun kai 8,000, kuma can ƙarshen ramin za ka ga ma'aikata na ta harhaɗa waɗanda suka farfashe. Wuri ne na yini guda. Mu abin da ya rage mana bai kai awa ɗaya ba, shi ma cikin turmutsutsu, ina riƙe da hannun Baffa kada a ture shi.

Da muka fito na ce mata sai masallaci. Ta ce a'a, yanzu lokacin abinci ne, kuma sauran mutanen motar sun biya kuɗin abincinsu. Gidan abincin ma ba na halal ba ne, abin da shi ma na rubuta musu tun dare. Nan na ja Baffa muka nemi tasi da kuɗinmu. Cunkoson shiga gari ya riƙe mu, direban ya sauke mu kusa da Hasumiyar Ganga, muka kutsa cikin lungun Huajue da ƙafa, tsakanin masu sayar da tsarabar 'yan yawo. Tun kafin mu kai ƙofa muka fara cin karo da dattawa masu fararen huluna suna fitowa, ana gaisawa ana watsewa. An idar.

Baffa ya tsaya ya jingina da bango yana haki. Na ce, "Baffa, a yi haƙuri, laifina ne da na yarda da su." Ya ce, "Bari kawai, ɗana, Allah bai nufa ba." Bai ƙara komai ba. Mutumin da ya haura saba'in, ya yi tafiyar awa bakwai a jirgin ƙasa don raka'a biyu. Da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya biyo baya shi ya hana ni cewa tafiyar asara ce. Mai tsaron ƙofa ya ga hular Baffa, muka yi masa sallama ya amsa, ya yi mana nuni mu wuce ba tare da tikiti ba. Idan ba a faɗa maka ba, ba za ka ce masallaci ne ba: babu ƙubba, babu doguwar hasumiya irin tamu, sai rufin tayil mai lanƙwasassun kusurwoyi, ƙofofin katako da farfajiya bayan farfajiya da bishiyoyi. Sai ka matsa kusa ka ga rubutun Larabci a saman ƙofa. Suna cewa an kafa shi tun shekarar 742, zamanin daular Tang, lokacin da garin yake babban birni ana kiransa Chang'an, fatake suna shigowa ta Hanyar Siliki, ko da yake yawancin ginin da ke tsaye yanzu na zamanin Ming ne da bayansa. Wani dattijo ɗan ƙabilar Hui ya kai mu wurin alwala, ya miƙo wa Baffa buta da hannu biyu. Ba ya jin yarenmu, ba ma jin nasa, amma da Baffa ya ce "Najeriya, Kano", sai ya dafa ƙirji ya ce "Alhamdu lillahi". Ya shigar da mu ɗakin salla, ya nuna mana bangon da aka sassaƙa ayoyin Alƙur'ani a jikin allunan katako. Alƙiblarsu yamma take kallo. Baffa ya yi murmushi a karon farko tun safe, ya ce yau ga shi zai ba gabas baya ya yi salla. Muka yi Azahar, muka zauna har La'asar, wadda suke ɗan jinkirtawa saboda mazhabar Abu Hanifa suke bi. Baffa ya saki hannu a sahu, su sun kama, ba wanda ya kalli wani.

Dattijon nan bai bar mu ba sai da ya kai mu wani ƙaramin gidan abinci a unguwar Musulmin. Aka ba kowa kwano da wata gurasa mai tauri, ya nuna mana yadda za mu gutsuttsura ta ƙanana da hannu, aka karɓa aka zubo mata romon rago mai zafi da tafarnuwa a gefe. Paomo suke ce masa. Baffa ya shanye har romon. Muka yi muka yi mu biya, mutumin ya ƙi.

Ran Asabar ba mu bi motar kamfanin ba duk da mun biya. Da kanmu muka hau ganuwa, wadda ta zagaye tsohon gari kusan kilomita 14, faɗin samanta har keke ake haya a zagaya. Na tuna badalar Kano da yadda ake cinye ta kullum, raina ya sosu.

Da yamma na koma neman kuɗin rabin yinin da ba mu yi ba da na tasi. A lokacin har na sauko, da sun ce a yi haƙuri ma da ya wadatar. Sai aka ce mini wai mu muka bar motar da kanmu, don haka babu abin da za a mayar. Na nuna musu saƙonsu na "babu matsala", mutumin ya karanta ya miƙo mini wayata. Daga nan aka daina amsa saƙona gaba ɗaya. Shi ya sa tauraro ɗaya na ba su, shi ma saboda direban ne, wanda ya riƙa sauko wa Baffa da matakala duk inda aka tsaya.

Wanda zai je, ya sayi tikitin sojojin da fasfonsa tun da wuri, ya ɗauki tasi shi kaɗai da sassafe, kada ya shiga motar taro ranar Juma'a ko an rantse masa. A jirgin komawa Baffa ya ce in Allah ya kai mu baje kolin Guangzhou na watan Oktoba zai sake zuwa, kuma tun ran Alhamis zai kama ɗaki a bakin lungun masallacin.