Tikiti, fosta ko katin hoto: wace tsohuwar takardar reluwe ya kamata ka saya?

Duk mai sha'awar tara tsoffin takardun jirgin ƙasa a nan Legas zai tarar da kaya iri huɗu a hannun dillalai: fostar talla, katin hoto, jadawalin tafiya da kuma tikiti. Ra'ayina a fili yake, tikitin kwali ya fi sauran cancantar kuɗin mai saye, musamman ga wanda bai daɗe da fara tarawa ba.

Wannan tikiti shi ne samfurin Edmondson da aka ƙirƙiro a Ingila, ɗan kwali mai kauri wanda tsawonsa bai wuce milimita 57 ba, faɗinsa kuwa kamar 30. Duk da ƙanƙantarsa, yana ɗauke da tashar tashi da ta sauka, da ajin tarago, da kuɗin da aka biya, da lambar jeri, sannan da kwanan wata wanda malamin tikiti ya danna da injin hannu a bakin kwalin. Idan ka shafa wurin da yatsa za ka ji lotsawar lambobin, ka kuma ga hudar da mai duba tikiti ya yi a cikin jirgi. Tikitin aji na uku daga Kano zuwa tashar Iddo ko ta Agege a nan Legas ya fi komai daraja a wurina, domin irinsa fataken goro da na shanu suka riƙe lokacin da suka sauko suka kafa zangonmu a kudu.

Jadawalin tafiya shi ke biye, idan shafukansa sun cika. Katin hoto yana da kyawun gani, amma akwai shi da yawa a kasuwa. Fosta kuwa, mafi yawan waɗanda ake nuna wa mutane sabon bugu ne da aka tsufar da gangan.

A nan ne ya kamata mai saye ya buɗe idonsa sosai. Wani dillali ya taɓa sayar mini da fosta yana rantsuwa cewa ta zamanin Turawa ce, ashe an jiƙa ta da ruwan shayi ne aka shanya a rana, kuma tun daga lokacin ba na zuwa ciniki sai da gilashin ƙara girma a aljihu. Hoton da ya fito daga firintar kwamfuta yana nuna ɗige-ɗigen tawada warwatse a ƙarƙashin gilashi, alhali tsohon bugun dutse, wato wanda ake yi da allon dutse mai tawada, launinsa a shimfiɗe yake. Tsufan gaske yana farawa ne daga gefe da wurin ninki, don haka takardar da ta yi ruwan ƙasa bai ɗaya daga sama har ƙasa abin tuhuma ce.

Makami mafi kaifi dai shi ne sanin shekaru. An buɗe layin Legas zuwa Ibadan a 1901, jirgi ya isa Kano a 1911, Nguru a 1930, Maiduguri kuwa sai a 1964. Sunan hukumar jirgin ƙasa, Nigerian Railway Corporation, bai wanzu ba kafin 1955, kuma naira ba ta fara aiki ba sai a 1973, saboda haka takardar da ta girmi wannan shekara dole farashinta ya kasance da fam da sule da kwabo. Duk wanda ya miƙo maka tikitin Maiduguri mai kwanan watan 1950, ka mayar masa da abinsa ba tare da dogon zance ba. Haka ƙaramin layin Zariya zuwa Jos, an rufe shi a 1957, don haka tikitinsa mai kwanan watan bayan wannan shekara na jabu ne. Wanda yake son idonsa ya saba da kayan asali, ya ziyarci gidan tarihi na Jaekel da ke harabar reluwe a Ebute Metta kafin ya fitar da ko sisi.

Kada ka sayi takardar da aka yi wa laminetin ko aka liƙe da salatif, komai arharta, domin robar ba ta ɓanɓaruwa sai da fuskar takardar. Danshin Legas ma abokin gaba ne, yana kawo funfuna da kyankyasai, kuma a nan ma tikiti ya yi wa fosta fintinkau, tunda ɗari daga cikinsa za su shige cikin akwati ɗaya mai marfi da za a ajiye nesa da bango.