Deep Glow a After Effects: shin ya cancanci kuɗinsa wajen haskaka layi mai motsi?

After Effects, manhajar Adobe ta haɗa bidiyo da zane mai motsi, yana da nasa Glow a ƙarƙashin Effect, sai Stylize, amma duk wanda ya ɗora shi a kan layin da ke zana kansa ya san yadda yake fitowa: wani hazo ne kawai a gefen layin, ba hasken fitila ba. Deep Glow, filogin ɗin (wato ƙarin kayan aiki da ake ɗora wa manhajar) kamfanin Plugin Everything da ake sayarwa a shafin aescripts, don wannan matsalar aka yi shi. A ganinmu yana yin aikin da kyau, sai dai ba ya rufa asirin bidiyon da aka kawo masa ba a gyara ba.

Bambancin yana wajen yadda hasken ke dusashewa. Haske na gaskiya, in nisa ya ninka biyu, ƙarfinsa yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan lissafin Deep Glow yake kwaikwaya, shi ya sa tsakiyar layin ke yin zafi, jelar hasken kuma ta miƙe nesa tana raguwa a hankali. Glow na asali kuwa dishi-dishi ɗaya yake shimfiɗawa, ya yanke.

Kafin a taɓa filogin ɗin, a fara ɗaga zurfin launi. A riƙe Alt a danna inda aka rubuta 8 bpc a ƙasan Project sau biyu, ya koma 32. A 8, kowane launi mataki 256 kaɗai yake da shi, don haka haske mai faɗi a kan baƙin bango sai ya fito zobe-zobe. A 32 kuma haske na iya wuce fari, kuma daga nan ne zafin tsakiyar layi yake samuwa.

Inda aka fi shan wahala shi ne bidiyon kansa. In zanen baƙin layi ne a kan farar takarda, takardar ce za ta yi haske, domin filogin ɗin wuri mai haske yake nema. Sai a sa Invert tukuna, a bi shi da Levels a danne duhun har bangon ya zama baƙi wuluk. In aka bar ko ɗan toka-toka, allon gaba ɗaya zai yi fari-fari, kuma ɗaga Threshold ba ya gama maganinsa, sai ma ya cinye gefen layin. Layi siriri mai kaurin fiksel 1 ko 2 shi ma yana da tasa matsalar: yayin da yake motsi, haskensa na canzawa daga firem zuwa firem, Deep Glow kuma ya ƙara girman canjin har ya zama ƙyaftawa. A sa Minimax a kan Maximum da Radius 1 ko 2 kafin hasken don a ƙara wa layin kauri, ko kuma in layin na Shape Layer ne da Trim Paths, a kai kaurinsa fiksel 3 zuwa 4 a allon 1920 da 1080.

Launi ma yana da dabara. Shuɗi tsantsa, wanda babu ja ko kore a cikinsa ko kaɗan, ba zai taɓa yin farin tsakiya ba komai yawan Exposure. A zaɓi shuɗin da ke da ɗan ja da kore, sai tsakiyar ta ƙone ta yi fari, gefen ya riƙe launinsa. Wurin farawa mai kyau shi ne Radius tsakanin 200 da 400, Exposure tsakanin 0.5 da 1. Zaɓin Unmult yana cire baƙin bango don a ɗora layin kan wani hoto, kuma yana aiki da tsafta. Akwai Chromatic Aberration mai raba launuka a gefen haske; kaɗan daga cikinsa ya isa, da yawa kuwa sai rubutu ya daina karantuwa.

In hasken ya yanke a murabba'i, iyakar firikom (precomp, wato composition ɗin da aka saka layin a ciki) ce ta tare shi, sai a faɗaɗa ta. Wanda ya ɗora filogin ɗin a Adjustment Layer kuma ya tuna cewa duk abin da ke ƙarƙashinsa zai haskaka, har da bango.

Wajen fitarwa, tsarin bidiyo na H.264 na yau da kullum zurfin launinsa 8 bpc ne, don haka zobban nan na iya dawowa, balle in bidiyon ya bi ta WhatsApp. Noise na kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari a leya ta sama, tare da cire alamar Use Color Noise, yana ɓoye su sosai.

Illolinsa ba ɓoyayyu ba ne. Da dala ake saye, yana dogara da katin hoto na kwamfuta, ƙaramar laftof kuma za ta ja ƙafa sai an mai da kallon gwaji Half, wato rabin ingancin hoto. In aka miƙa wa abokin aiki firojet alhali ba shi da filogin ɗin, hasken ba zai fito a wajensa ba.

Mai yin irin wannan aiki jefi-jefi zai iya jera Glow na asali guda uku, Radius 10, 50 da 200, yana rage Intensity a kowane mataki, a 32 bpc tare da kunna Linearize Working Space. Yana kusantar Deep Glow, sai dai gyara ɗaya yana nufin taɓa wuri uku. Saber na Video Copilot, wanda ya fito a 2016, kyauta ne kuma yana da kyau, amma Mask ko rubutu yake bi, ba ya karanta layin da ya riga ya zama bidiyo. Ga irin wannan bidiyon, mai haɗa tambura da buɗewar shirye-shirye kullum zai mai da kuɗinsa daga lokacin da Deep Glow ke rage masa.