Hattara da mai tallar "tayar hybrid" a Yamai

Masu Prius da sauran motocin hybrid, wato masu aiki da esansi da batir, ku ji abin da ya same ni tun bai iso kanku ba.

Akwai wani mutum da ke yawo a rukunonin WhatsApp yana tallar abin da ya kira "tayar hybrid ta musamman, sabuwa dal daga Turai". Ba shi da shago. Da kun daidaita sai ya ce ka turo rabin kuɗi ta waya, sauran idan yaronsa ya kawo kaya. Yaron kuma ba ya zuwa sai bayan magariba, wurin mai facin da shi ya zaɓa. Duk na ga wannan, amma jikka talatin da biyar kan kowace taya ta rufe mini ido. Na manta da cewa araha ba ta ado. Huɗu na ɗauka, jikka ɗari da arba'in ke nan.

Motar ce ta fara tona masa asiri. Tawa Prius ce ta 2012, kuma a zirga-zirgata ta cikin gari allonta bai cika wuce lita 5 a kilomita 100 ba. Sati biyu da sa tayoyin, ya haura 6 da rabi. Na san sabuwar taya takan ɗan ƙara shan esansi saboda zurfin zanenta, amma ba haka ba. Inda da nake bin cunkoso shiru da batir kaɗai, yanzu da na taɓa totur injin ya tashi. Ran da na kama hanyar Dosso da tsakar rana kuwa, sitiyari ya yi lagwab a hannuna, mota na lilo kamar kwale-kwale a kogin Isa, ga wata fitila ruwan ɗorawa tana ƙyaftawa duk kwanar da na sha.

Na zaci batir ne, gabana ya faɗi, don kowa ya san kuɗinsa. Bakanikena, dattijo ne da ya girme ni nesa, bai ko buɗe gaban motar ba. Ya tsuguna, ya jiƙa tsumma da esansi, ya goga gefen taya. Tsumman ya fito baƙi ƙirin da man goge takalmi, ƙananan tsage-tsage suka bayyana kamar faso a diddige.

"Ƙanena, zo ka gani," in ji shi. "Ka taɓa ganin ƙanƙara ta kwanta a Yamai?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya nuna mini wani ɗan hoto a jikin robar: dutse mai kai uku, da tauraron ƙanƙara a cikinsa. Alamar tayar hunturu ce. An yi robarta da laushi don ta kama hanya a sanyin Jamus ko Faransa. A kan kwaltarmu, inda zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, sai ta ƙara laushi, ta riƙe mota, ta ci esansi, ta cinye kanta da wuri, kuma nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ya ƙaru.

Bai tsaya nan ba. Bayan haruffan DOT da ke rubuce a gefen taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe: biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara. Biyu daga tayoyina an rubuta 4115, wato sati na 41 na 2015. Kamfanin Michelin da kansa yana cewa taya ta kai shekara biyar a riƙa duba ta kowace shekara, ta kai goma a cire ta ko da zanenta na nan. Sauran biyun an kankare wurin lambar da dutsen wuta. Ɗaya ma ba girman motata ba ce: takardar da ke manne a bakin ƙofar direba ta ce 195/65 R15, mai tallar kuma ya cusa mini 195/60 a ƙafar baya. Bambancin tsayinsu kusan santimita biyu ne, ƙafa ɗaya tana juyawa fiye da ƴan uwanta, kwamfutar da ke hana zamewa tana ruɗewa. A hybrid wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da ABS, na'urar da ke hana ƙafafu kullewa in an taka birki, ya shiga, cajin da birki ke yi wa batir sai ya yanke.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne zanen. Da ƙarfe mai zafi aka sake yanka shi. Sa yatsa cikin ramin: na kamfani sumul yake, kuma akwai ƴan tudu a ciki masu nuna iyakar milimita 1.6. Nawa kaca-kaca, tudun babu, a wani wuri har waya ta kusa leƙowa. Da wannan na ɗauki iyalina.

Babu wata taya mai suna "hybrid" da mutum ɗaya ya mallaki sirrinta. Abin da ake da shi taya ce mai sauƙin mirginawa, irin su Michelin Energy Saver ko Bridgestone Ecopia, kuma sunan a jikinta yake. In sabuwa ce daga Turai da gaske, a nemi takardar da ake manna mata: hoton famfon mai (shan esansi) da na gajimare (kama hanya cikin ruwan sama), kowanne da harafi daga A zuwa E tun 2021. Okaziyo ma ba haramun ba ce, yawancinmu ita muke sawa, amma a saye ta da sunanta, da rana, a gaban shago, kafin ko dala ta fita daga aljihu.

Na kira mai tallar, lambar a kashe. Mai facin ya rantse bai san shi ba, aiki kawai aka kawo masa. Na kai ƙara kwamisariya da hotunan hirarmu da shaidar turin kuɗi. Jiya kuma wani abokina ya turo mini talla iri ɗaya, hotuna iri ɗaya, da sabuwar lamba, wai yanzu yana aika kaya har Tawa da Ƙonni ta motar haya, amma sai an biya duka tukuna.