Wata uku a sashen gashin ƙashi

Shekara huɗu ke nan da likita ya duba hoton gwiwoyina ya ce amosanin gaɓɓai ne, wato guringuntsin da ke rufe kan ƙashi ya fara zaizayewa. Na daɗe ina dogaro da ƙwayar diclofenac, har ta tayar mini da gyambon ciki, aka hana ni shan ta, aka tura ni sashen gashin ƙashi na wani asibitin koyarwa, inda na yi wata uku ina zuwa sau biyu a mako.

Na je da tunanin za a gasa mini ƙafa da na'ura in miƙe garau. Na'urar tana nan, ɗuminta kuma yana da daɗi, sai dai sauƙin da take kawowa ba ya kai ni la'asar. Abin da ya yi mini amfani shi ne wanda na raina da farko: in kwanta in ɗaga ƙafa a miƙe sau goma, in tashi daga kujera ban dafa komai ba, in hau matakala ɗaya in sauko. Ma'aikaciyar da ke kula da ni, wadda ba ta wuce sa'ar 'yata ba kuma Mama take kirana, ta fahimtar da ni cewa naman cinya ne ke rage wa gwiwa nauyi, zaman da nake yi don tsoron ciwo kuwa shi ke ƙara kashe shi. Ranar da na ce ba zan iya goma ba, biyar ta nema, ta rubuta a katina. Ganin lambar tana hawa mako bayan mako shi ya cire mini tsoron da ya fi ciwon kansa ɗaure ni. Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya yi rubutu a kan wannan tun 1977, cewa ƙananan nasarorin da mutum ya samu da kansa su ne suka fi gina yardarsa cewa zai iya.

Inda sashen ya gaza shi ne cunkoso. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan ciwo da miliyan 528 a 2019, kashi 60 cikin ɗari mata, kuma wanda ya ga layinmu ba zai yi musu ba. Nakan jira awa biyu don aikin minti talatin, a kan benci gajere da mai ciwon gwiwa ke shan wuya kafin ya tashi daga kansa. Takardar atisayen da suka ba ni ma da Turanci take, alhali yawancinmu Hausa muke ji.

Ciwon bai tafi ba, kuma tun farko ba su yi mini alkawarin zai tafi ba. Har yanzu a kujera nake sujada, amma tsayuwa da ruku'u da ƙafafuna nake yi, kuma makon jiya ni na je cefane da kaina.