Shafin mayar da kuɗi na intanet: ana biya, amma sai mai haƙuri

Tun bara nake amfani da wani shafi da ke mayar wa mutum wani kaso na abin da ya kashe a kantunan intanet, kuma mata a unguwarmu ta Aboabo a Kumasi, ƙasar Ghana, suna yawan tambayata ko da gaske ake biya. Ana biya, 'yan'uwa, sai dai akwai magana.

Shafin nan dillali ne. Idan kin bi ta wurinsa kika shiga kanti kika yi sayayya, kantin zai ba shi la'ada, shi kuma ya ɗan yago miki wani abu a ciki. Shi ya sa kuɗin ba ya zuwa nan take, sai wa'adin mayar da kaya ya wuce an tabbatar cinikin ya zauna. A wurina yakan ɗauki makonni. Ko bayan nan ba ki da ikon cirewa sai abin ya taru ya kai adadin da suka yanke. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin mu masu sayen sabulu da madarar yara kaɗan-kaɗan mu ne muka fi bukatar kuɗin, mu ne kuma za mu daɗe muna kallonsa a waya ba mu taɓa ba. Akwai fankar da na saya, har yau ban ga kasona ba. Na rubuta musu, suka ce wai cinikin bai nuna a wajensu ba, maganar ta mutu a nan.

Ranar da suka biya ni abin da na tara kuwa, kuɗin ya faɗo cikin MoMo ɗina, wato asusun kuɗi na waya, cif, ko fesuwa ɗaya bai yi ciwon kai ba. Na yaba musu a kan wannan. Janye harajin E-Levy, wato harajin tura kuɗi ta waya, ma ya taimaka. Da aka kawo shi a watan Mayun 2022 ana cire kashi 1.5 cikin ɗari idan abin da ka tura ya haura sidi 100 a rana, aka rage zuwa kashi 1 a 2023, sai a watan Afrilun 2025 gwamnatin John Mahama ta soke shi. Yanzu ɗan abin da na tara ina tura wa mahaifiyata ba tare da haraji ya gutsura ba.

Duk da haka, rangwamen da ake cirewa tun kafin a biya ya fi mini amfani nesa ba kusa ba. A Black Friday, wato lokacin rangwame, na kantin intanet na Jumia cikin Nuwamba na samu tukunyar dafa shinkafa ƙasa da farashin shagunan Adum da ke tsakiyar Kumasi, na je na karɓa da kaina a wurin ajiyarsu don rage kuɗin kawowa. Ba na sayen komai sai na fara jin farashinsa a kasuwar Kejetia ko Adum, na haɗa da kuɗin mota. Atamfa da kayan miya dai Kejetia ce, inda za ki taɓa da hannu ki yi tayi.

Akwai kuma masu yawo a WhatsApp suna cewa a zuba sidi kaza a riƙa samun lada kullum don kallon talla. Shafin mayar da kuɗi na gaskiya ba ya neman ajiya, ba ya tambayar lambar sirrin MoMo. Wanda ya ga hawayen mutane bayan rufe Menzgold, kamfanin zuba jari a zinariya, a 2018 ba ya bukatar dogon bayani. Don Allah ku ja kunnen yaranku, su aka fi turo wa irin waɗannan saƙonni.