Mai buɗe bugu a besbol: a sayo, a yi haya, ko a duba cikin gida?

Duk shekara idan watan Yuli ya doshi ƙarshe, kasuwar musayar 'yan wasa ta gasar besbol ta Amurka, wato MLB, tana shirin rufewa, sai ka ji kuka iri ɗaya daga bakin magoya bayan ƙungiyoyi da dama: ba mu da mai buɗe bugu, a je a sayo mana. Kukan yana da daɗin ji, domin yana nuna kamar ciwon guda ɗaya ne, maganinsa ma guda. Amma kafin a sa hannu a aljihu ya kamata a san abin da ake saye, da kuma abin da za a biya da shi.

Ga wanda bai saba da wasan ba: kowace ƙungiya tana jera masu bugu tara, su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya. Na farko a jerin shi ne mai buɗe bugu. Aikinsa shi ne ya isa zangon farko, cikin zanguna huɗun da ake zagayawa kafin a samu maki, ta kowace hanya, ko da bugu mai kyau, ko da zangon kyauta, wanda ake ba shi idan mai jifa ya kauce wa saiti har sau huɗu. Daga nan sai manyan masu bugun da ke bayansa su koro shi gida a samu maki. Wasa zagaye tara ne, a kowane zagaye da an fitar wa ƙungiya da mutum uku ta gama nata bugun. Fita 27 ke nan, kuma su ne jarin ƙungiya gaba ɗaya. Wanda ya ci ɗaya daga ciki a banza ya ci jarin kowa.

Cinikin ma ba irin na ƙwallon ƙafa ba ne, inda kulob zai ƙirga miliyoyi ya ɗauki ɗan wasa. A nan galibi mutum ake bayarwa a karɓi mutum, kuma wanda ke neman kofi bana yakan biya ne da matasan da yake reno don gobe. Ƙungiya tana riƙe da matashi har ya cika kaka shida a babbar gasa kafin ya samu 'yancin tafiya inda ya so, kuma a kakanni ukun farko albashinsa na ƙasa-ƙasa ne. Saboda haka duk matashin da aka miƙa, shekaru shida masu araha aka miƙa.

Abu na biyu da masu kuka kan manta: sau ɗaya tak a wasa ake da tabbacin wannan mutum zai buɗe zagaye, wato zagayen farko. Bayan nan sai yadda jeri ya juyo. Abin da yake da tabbas shi ne zai fi kowa shigowa bugu. A kaka mai wasanni 162, kowane matsayi yana fin wanda ke bi masa da shigowa kamar 18, don haka na ɗaya ya fi na tara da sama da 140. Kujerar farko ba sana'a ba ce ta daban kamar mai jifa ko mai kamu, wanda ke cafe jifar a bayan mai bugu. Rabo ne mafi tsoka, kuma tambayar ita ce wa ya cancanci a ba shi.

Babu ƙungiyar da ta zagaya wannan kasuwa lungu-lungu kamar Chicago Cubs, don haka da ita zan auna hajojin.

Haja ta farko, wadda ta fi jan ido, ita ce mai gudu. A 2003 Florida Marlins suka fitar da Cubs a matakin kusa da na ƙarshe, bayan wasa bakwai, kuma mai buɗe musu bugu shi ne Juan Pierre, siririn mutum mai saurin tsiya, wanda ya saci zango 65 a kakar, wato ya ruga zango na gaba ba tare da jiran bugu ba. Abin ya tsaya wa Cubs a rai. A Disambar 2005 suka karɓo shi, suka ba da matasan masu jifa uku: Ricky Nolasco da Sergio Mitre da Renyel Pinto. Idan ka kalli kakar 2006 ta sama-sama za ka ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Pierre ya buga duk wasanni 162, ya yi bugu mai kyau 204, ya saci zango 58. Sai dai zangon kyauta 32 kawai ya samu, don ba ya haƙurin jiran jifa, kuma an kama shi sau 20 wajen sata. Idan aka haɗa komai, sau 33 cikin 100 yake isa zango, bai ma kai matsakaicin ɗan wasan wannan kaka ba. Maki 87 ya kawo gida. Cubs suka sha kashi sau 96, Pierre ya tattara ya koma Los Angeles Dodgers bayan kaka ɗaya, shi kuwa Nolasco ya zauna a Marlins har ya zama mai jifan da ya fi kowa cin wasa a tarihin ƙungiyar.

Don a yi adalci, ba laifin Pierre kaɗai ba ne: babban mai bugunsu Derrek Lee ya karye a wuyan hannu tun watan Afrilu, kuma komai isar mutum zango, in babu mai koro shi a can zai bushe. Amma alamar ta fito tun kafin ciniki. A 2004 yana isa zango sau 37 cikin 100, a 2005 ya sauko ƙasa da 33. Cubs sun biya kuɗin mutumin da ya ba su haushi a 2003, aka ba su wanda ya rage a 2006. Kuma kwantiraginsa saura shekara guda. Kuskure biyu ke nan a ciniki ɗaya.

Irin wannan haja ba ta ƙarewa a kasuwa. Billy Hamilton na Cincinnati Reds ya saci zango 56, 57, 58 da 59 a kakanni huɗu a jere daga 2014, amma a tsawon wasansa bai kai sau 30 cikin 100 yana isa zango ba. Masu wasan suna da magana a kan haka, cewa zangon farko ba ya satuwa. Sata kuma sai ana yin nasara kamar sau uku cikin huɗu take riba, ƙasa da haka asara ce. Tun 2023 ma gudu ya ƙara araha, da aka ƙara girman zango daga inci 15 zuwa 18, aka kuma taƙaita yawan juyowar mai jifa don tsare ɓarawo. Yanzu masu matsakaicin sauri ma suna sata lafiya lau. Abin da ya wadata a kasuwa ba a sayensa da matasa uku.

Haja ta biyu ita ce mai haƙuri. A Janairun 2015 Cubs suka karɓo Dexter Fowler daga Houston Astros, suka ba da Luis Valbuena da Dan Straily. Valbuena kuwa dama kujerarsa ta tsaron zango na uku ana shirin ba wa matashi Kris Bryant ne, don haka sun biya da abin da suke da rara. Fowler ba ya burge mai kallon sama-sama. A kakar farko bugu mai kyau 149 ya yi, ƙasa da na Pierre da 55. Amma ya karɓi zangon kyauta 84, ya kawo maki 102. A 2016 isarsa zango ta haura sau 39 cikin 100, Cubs suka ci wasa 103, kuma a wasa na bakwai na World Series, wato matakin ƙarshe na ɗaukar kofi, shi ne ya buɗe da bugun tsallake katanga, wanda ke ba da maki kai tsaye, a kan Corey Kluber, mai jifan Cleveland. A daren Cubs suka ɗauki kofin da rabonsu da shi tun 1908. Ni a wurina wannan shi ne cinikin da ya kamata a riƙa koyarwa: an sayi abin da kujerar ke buƙata, an biya da abin da ba za a yi kewarsa ba.

Sai dai labarin Fowler yana da wutsiya, kuma ita ce ke nuna hatsarin hanya ta uku, wato sayen ɗan wasa mai 'yanci da tsabar kuɗi. Wannan hanya ba ta cin matasa kamar musaya, amma mai 'yanci yawanci ya kai shekara 30 ko ya kusa. St. Louis Cardinals suka ba Fowler dala miliyan 82.5 na shekara biyar. A kaka ta biyu, 2018, bugunsa mai kyau ya faɗo zuwa sau 18 cikin 100. Cubs sun ci ganiyarsa da araha, abokan hamayyarsu suka sayi saura da tsada.

Akwai kuma haya, wato karɓo dattijon ɗan wasa na wata biyu ko uku. A Yulin 2003, da mai tsare musu tsakiyar filin waje Corey Patterson ya ji ciwo a gwiwa, Cubs suka karɓo Kenny Lofton mai shekara 36 daga Pittsburgh Pirates, tare da Aramis Ramirez. Lofton ya isa zango sau 38 cikin 100 a sauran kakar, Cubs suka lashe rukuninsu, ya kama gabansa. Haya tana da kyau idan ƙungiya tana bakin ƙofa kuma rami ne na gaske ya buɗe. Amma wata biyu ɗan lokaci ne, cinikin biri a sama ne ko da wa aka ɗauko. Rickey Henderson, wanda babu mai buɗe bugu kamarsa a tarihi, mai satar zango 1,406, an karɓo shi a tsakiyar kaka sau biyu zuwa ƙungiyar da ta ɗauki kofi. A 1989 da ya koma Oakland ya yi ɓarin wuta har ya zama gwarzon matakin kusa da na ƙarshe. A 1993 kuwa a Toronto, bugunsa mai kyau bai kai sau 22 cikin 100 ba. Duk da haka a zagaye na tara na wasa na shida na World Series shi ya karɓi zangon kyauta kafin abokin wasansa Joe Carter ya tsallakar da ƙwallon da ta kawo kofi. Gudu da ƙarfi suna iya ƙin zuwa, ido ba ya cika ƙi.

Wanda ke son mai shekaru da yawa a kwantiragi sai ya shirya biya. A Disambar 2016 Washington Nationals suka ba Chicago White Sox matasan masu jifa uku, Lucas Giolito da Reynaldo López da Dane Dunning, don su karɓi Adam Eaton. Bai cika wata guda a kakar 2017 ba jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Ya dawo, ya taimaka suka ɗauki kofin 2019, amma a matsayi na biyu, bayan Trea Turner da dama yake gidan. Ka ga ke nan ko kofin bai tabbatar da cewa kujerar farko ce suka rasa ba. Shi kuwa irin cinikin Mookie Betts, da Dodgers suka karɓo daga Boston a 2020 suka ɗaure shi da dala miliyan 365 na shekara 12, ba sayen mai buɗe bugu ba ne. Sayen ɗaya daga cikin gwanayen zamani ne, wanda ko a ina aka sa shi zai biya.

Saura duba cikin gida, kuma a nan ne Cubs suka yi abin da har yau ake muhawara a kai. Da Fowler ya tafi, koci Joe Maddon ya ɗora Kyle Schwarber, ƙaton mutum marar sauri mai bugu kamar guduma. Abin bai karɓe shi ba. Zuwa Yunin 2017 bugunsa mai kyau sau 17 ne cikin 100, aka mayar da shi ƙaramar gasa ya gyara hannu. Masu cewa sai mai gudu suka samu abin faɗa. A Disambar 2020 Cubs suka sake shi kyauta. To, wannan Schwarber ɗin ne ya zama mai buɗe bugun Philadelphia Phillies. A 2023 bugunsa mai kyau bai kai sau 20 cikin 100 ba, abin kunya a ma'aunin da, amma ya tsallake katanga sau 47, ya karɓi zangon kyauta 126, ya kawo maki 108. Isarsa zango sau 34 ne cikin 100, wato ya fi Pierre mai bugu 204. A 2024 ya buɗe wasa da tsallake katanga sau 15, abin da ba a taɓa yi ba a kaka ɗaya. Shawarar Maddon daidai take, lokacinta ne bai yi ba, kuma ko wata uku ba a ba ta ba.

Da ni ake shawara, sai in ce a fara da lissafi mai sauƙi. A ɗauki wanda ya fi kowa isa zango a cikin tara da ake da su. In yana kai sau 35 cikin 100, an riga an samu mai buɗe bugu, a matsar da shi sama, ko da tafiyarsa ta agwagwa ce. Haka Dodgers suka yi a Yunin 2024 da Betts ya karye a hannu: ba su shiga kasuwar neman mai buɗe bugu ba, suka matsar da Shohei Ohtani gaba. In kuwa babu ko ɗaya mai kai haka, to ciwon bai tsaya a kujerar farko ba, jerin ne gaba ɗaya ba shi da lafiya, kuma mutum ɗaya ba zai warkar da shi ba. Musaya tana da hujja ne idan wanda za a kawo zai kori mai bugu mafi rauni daga cikin taran, yana kuma iya tsare wani gurbi a fili da ake da giɓinsa, kamar tsakiyar filin waje da Lofton da Fowler suka riƙe. A duba isarsa zango ta kakanni uku, ba ta wata ukun bana ba, a ga hawa take ko sauka. A duba saura shekara nawa a kwantiraginsa. Na wata biyu ba ya cin matashin da ake ji da shi, komai matsin lambar magoya baya.

Kuma a ƙare wa matasan da za a miƙa kallo da kyau. A ranar 15 ga Yunin 1964 Cubs suna neman mai jifa ido rufe, suka ba Cardinals wani matashi mai shekara 24 da suka gaji da jiransa, suka karɓi Ernie Broglio, wanda ya ci wasa 18 a kakar da ta gabata. Broglio ya ci musu wasa bakwai kacal kafin ya bar babbar gasa a 1966. Matashin shi ne Lou Brock. Ya ɗauki kofi da Cardinals a wannan shekarar, ya sake ɗauka a 1967, ya daɗe yana buɗe musu bugu, ya yi ritaya a 1979 da bugu mai kyau 3,023 da satar zango 938.