GCC biyu ko uku a Ubuntu ɗaya: apt ko haɗawa da hannu?

Ɗan'uwa in kana son siga biyu ko uku na GCC, wato kwamfailan da ke mayar da lambar C da C++ manhaja, tsakanin saukewa ta apt (manhajar girka kaya ta Ubuntu) da zama ka haɗa shi da hannunka daga sos, wato ainihin lambarsa, ɗauki apt kawai ka huta.

Ubuntu 22.04 da gcc 11 take zuwa, amma gcc-9 da gcc-10 da gcc-12 duk suna nan a ma'ajiyarta, ka buga sudo apt install gcc-9 g++-9 gcc-12 g++-12 shi ke nan, kowanne zai zauna a /usr/bin da lambarsa manne a sunansa, babu mai taɓa wani. Ni wannan hanyar nake amfani da ita kuma wallahi tana min daɗi, akwai wani tsohon aikin C++ da aka kawo min sabon kwamfaila ya ƙi shi ƙememe sai kurakurai yake ta zubowa, na buga make CC=gcc-9 CXX=g++-9 ya haɗu tsaf ban taɓa layi ko ɗaya ba.

In kana so kalmar gcc ita kanta ta riƙa sauyawa akwai umarnin update-alternatives, ka yi wa kowanne rajista da --install sannan ka zaɓa da --config gcc. Amma ni shawarata ka bar na asali yadda yake, domin da shi manhajar dkms take sake haɗa direbobi duk sanda kanel, wato zuciyar Linux, ya sabunta, in sigar ta saɓa da wadda aka gina kanel ɗin da ita sai ka wayi gari direban allonka ya ƙi tashi.

Haɗawa da hannu kuwa, eh yana aiki. Amma sai ka nemo laburaren lissafi na GMP da MPFR da MPC, kwamfuta ta yi awanni tana huci, ƙarshe kuma libstdc++, laburaren C++ na GCC, ta tare ka da kuskuren GLIBCXX not found. Kar ka bi wannan hanyar sai dai in sigar da kake nema babu ita a apt, nan ma ka sa --prefix=/opt/wani-wuri kar ka kuskura ka zuba shi a /usr.

Baka tambaya ba amma ka kiyayi masu cewa ka biya su turo maka "cikakken GCC" ko wani sikirif da za ka kunna da sudo. GCC kyauta ne, lasisin GPL gare shi, kuma abin da ka ba sudo, wato cikakken iko, ka ba shi kwamfutarka gaba ɗaya. In sabuwar siga ce ta matsa maka, PPA ɗin ubuntu-toolchain-r/test, wato ƙarin ma'ajiya da ake jona wa apt, ya isa.